Tsohuwar motar maigida: kafin a sayar da ita a farashin ƙarfe

Ba a cika sati biyu da rasuwar Baba ba, dillali ya yi sallama a gidanmu da ke Funtua. Ya yi gaisuwa, ya yi addu'a, sannan ya ja Yaya gefe ya ce ya ji akwai wata mota da muka baro a Faskari, yana da mai saye. Kuɗin da ya taya bai kai na ɗan maraƙi ba. Hujjarsa ita ce mota ta shekara da shekaru ba ta motsa ba, 'yan gwangwan ne kawai za su ɗauka, su ma don ƙarfen jikinta.

Hajiya tana cikin takaba, don haka a zaure aka yi maganar, ita tana ɗaki. Da Yaya ya shigo ya faɗa mata, sai ta ce a dakata. Mutumin da ya shekara fiye da talatin yana goge mota duk ranar Juma'a, in ji ta, ba zai yi wa abin banza wannan hidima ba.

Motar Land Rover ce, wadda mutanenmu ke kira Landiroba, koriya, sitiyarinta a dama. Baba malamin gona ne, ya saye ta a gwanjon ma'aikata lokacin da aikin bunƙasa noma na Funtua, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa tun 1975, yake tashe. Da ita ya zaga Daudawa da Yankara da Sheme a zamanin da auduga ke da daraja. Da hare-haren 'yan bindiga suka tsananta muka kwashe muka dawo Funtua, aka bar ta a rumfa an lulluɓe da tamfol.

Gidaje da yawa a Kankara da Faskari da Sabuwa suna da irin wannan labari. Tun kafin a sace ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Kankara a watan Disambar 2020, da kuma bayan nan, iyalai sun bar gonaki da injinan niƙa da motoci sun koma Funtua ko Malumfashi ko Katsina. Mai saye ya san mai gudun hijira a matse yake, kuma ya san matar da ke takaba ba ta zuwa ciniki. Nan ne ake cin dukiyar marayu ba tare da an ɗaga murya ba.

Me ya sa wasu ke neman tsofaffin motocin Ingila?

An fara nuna Land Rover ga duniya a 1948, kuma a garin Solihull na Ingila ake ƙera ta. Gangar jikinta ta alminiyon ce, shi ya sa za ki ga wadda ta shekara hamsin jikinta bai ruɓe ba. A watan Janairun 2016 kamfanin ya daina ƙera tsohon samfurin nan mai kama da akwati, wanda daga baya aka riƙa kira Defender. Daga nan masu sha'awa suka ƙara bazama neman na da. A ƙarshen 2015 an yi gwanjon ta cikon miliyan biyu a Landan, aka saye ta fam 400,000. Wannan mota ce ta musamman, kada kowa ya ɗauka ta bayan gidansu za ta kai haka, amma ya nuna cewa kasuwar da gaske take.

Haka abin yake ga ƙananan motocin ƙwalisa masu kujera biyu da Turawa da wasu manyan ma'aikata suka shigo da su, irin su MG B da aka ƙera daga 1962 zuwa 1980, da Triumph Spitfire, da Jaguar E-Type da ta fito a 1961. Dokokin ƙasashen waje ma suna ƙara musu farin jini. A Ingila, motar da ta haura shekara 40 ana iya ɗauke mata harajin hanya, a Amurka kuma an sassauta shigo da motar da ta wuce shekara 25. Ko a nan gida, duk wanda ya ga tsohuwar Rolls-Royce ta fadar Kano ta fito ya san cewa tsufa ba ya rage wa kowace mota daraja.

Yadda za ki gane abin da ke hannunku

Abu na farko, sitiyari. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilun 1972. Motocin da aka shigo da su kafin lokacin sitiyarinsu a dama yake, don haka wannan alama ce cewa motar na iya girme wa wannan shekara. A Land Rover kuma, idan fitilun gaba suna tsakiya kusa da juna, a jikin ragar gaba, to ta farkon zamani ce, domin wajen ƙarshen shekarun 1960 aka mayar da su gefe.

Na biyu, lambar shasi da lambar inji. Ki sa yaro ya ɗauki hotonsu da waya. Masu saye na gaske suna son injin da motar ta fito da shi daga kamfani, kuma da waɗannan lambobi suke tantance shekararta.

Na uku, ƙarƙashin mota. Jikin alminiyon ne, amma shasin ƙarfe ne, shi tsatsa ke ci. Busasshen yanayinmu yana taimakawa, sai dai motar da aka bari a inda ruwan damina ke kwanciya tana iya ruɓewa ta ƙasa alhali samanta lafiya lau.

Na huɗu, takardu. Takardar gwanjo ko rasiɗin saye, tsohon lasisi, takardar kwastam in akwai, har da hotunan maigida a jikin motar. Namu a cikin akwatin ƙarfen Hajiya muka same su, a ƙarƙashin zannuwan aurenta. Su suka fi komai ɗaga farashin.

Akwai kuskuren da muka kusa yi. Ƙanena ya kawo shawarar a yi mata sabon fenti, a sa mata injin wata mota don ta tashi da sauri. Wani tsohon bakanike a Funtua ya hana. Ya ce mai neman irin wannan mota fentinta na asali yake so ko da ya koɗe, kuma kada a kuskura a tayar da injin da ya daɗe a kwance sai an juye tsohon mai da baƙin mai an duba shi.

Mota ma gado ce

Sau da yawa a gidajenmu ana lissafa gida da gona da shanu, mota kuwa sai a bar wa babban ɗa kamar kyauta. A shari'a tana cikin dukiyar mamaci kamar kowace kadara. Bayan an biya bashi an zartar da wasiyya, mata suna da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, idan mamacin ya bar 'ya'ya, kuma 'ya'ya mata suna da rabonsu. Babu magajin da ke da ikon sayarwa shi kaɗai. Idan akwai ƙananan yara, sayar da kadara ƙasa da ƙimarta tauye haƙƙin maraya ne. In aka kasa daidaitawa a gida, malami masanin gado ko kotun shari'a za su iya sa a yi mata ƙima kafin a raba.

Mu abin da muka yi shi ne, duk magada suka amince a rubuce, Kawu da limamin unguwa suka shaida. Aka samu rana da hanya ta yi sauƙi, aka ɗauko motar a bayan babbar mota da hantsi aka kawo ta Funtua, domin babu baƙon da zai yarda ya shiga ƙauye duba mota a wannan yanayi. Muka ɗauki hotuna ta kowane ɓangare, har da wuraren da suka lotsa, muka tura wa makanikai a Kaduna da Kano, muka karɓi tayi daga mutum uku.

A nan sai an yi hattara. Da hotunan suka shiga Facebook, wani ya kira ya ce daga ƙasar waje yake, zai biya da dala, amma mu fara tura kuɗin jigila. Duk wanda ya ce ki biya kafin ya saya, ɗan damfara ne. Kada a saka adireshin gida a intanet, kada a miƙa takardun asali ko mabuɗi sai an ga kuɗi sun zauna a asusun banki, kuma a yanke la'adar dillali tun kafin ciniki.

Ba kowace tsohuwar mota ce za ta yi tsada ba. Wadda shasinta ya ruɓe, aka canza mata inji, takardu suka ɓata, wataƙila sikelin ne dai makomarta. Amma sai an bincika ake sanin haka, kuma binciken bai wuce hoto da kiran waya ba.

Tamu ta ɗauki wata bakwai. Wani mai gyaran tsofaffin motoci daga Kaduna ya saye ta, kuɗin ya ninka tayin dillalin farko kusan sau shida. Hajiya ta karɓi tumuninta ta sayi keken ɗinki da firiza, rabon autarmu kuma shi ke biya mata kuɗin makaranta har yau. Ranar da za a tafi da motar, Hajiya ta fito ƙofar gida da tsumma ta goge gilashin gaba, sannan ta miƙa mabuɗin da hannunta.