Damagaram: Kafin ka sayi gida, ka san garin

Tun daga 2011 da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a arewacin Damagaram, ga kuma jami'a da ke tara ɗalibai daga ko'ina, neman gida a birnin ya ƙaru. Ma'aikatan da aka yi wa canjin wurin aiki daga Yamai, ƴan kasuwa, da ƴan gari da suka daɗe a waje, kowa na son ya kafa nasa. Dillali zai nuna maka bango da ƙofa. Mu kuwa garin muke son mu nuna maka.

Mu fara da Birni, tsohuwar unguwa da ke kwance tsakanin manyan duwatsu. Nan fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram take, nan kuma ake ganin ragowar ganuwar zamanin Sarki Tanimun. A garin nan aka kashe Kyaftin Kazamaju a 1898, Faransawa suka ci shi a 1899, ya kuma zama babban birnin Nijar har 1926 da aka mai da mulki Yamai. Tun 2006 Birni da fadar suna cikin jerin wuraren da ƙasarmu ta gabatar wa UNESCO. Zango kuwa unguwar fatake ce, inda ayarin raƙuma ke sauka a da, kuma zanen da ke fuskar gidajenta har yau yana tsai da baƙo.

Amma jama'a, gidan ƙasa ado ne mai neman kulawa. Yana da sanyi a bazara, babu shakka, sai dai duk shekara sai an yi masa yaɓe, an gyara indararo. A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Birni, wanda ya haura shekara 150 a tsaye. In masallacin da gari duka ke kula da shi ya faɗi, ina ga gidan da magada suka bari shekaru babu gyara? Shawararmu: a je duba gida da damina, a ga inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya. Sannan yawancin tsofaffin gidajen nan na gado ne. Kada ka ba da ko dala sai duk magada sun sa hannu, takarda ta bi ta ma'aikatar magajin gari.

Wanda ya zauna kusa da fada, salla a ƙofar gidansa take. Hawan salla, da dawakai da dogarai da algaita, sai hawan ƙaho, inda mahauta ke tarar bijimi gaba da gaba su rungume ƙahonsa. Ga wasan kara, da matasa ke kwaikwayon manya da masu mulki, kowa ya yi dariyar kansa. Mai son shiru dai ya yi nesa kaɗan, don ranakun nan ko mota ba ta shiga lungu, kuma dangi daga ƙauye a ɗakinka za su sauka. Bikin 18 ga Disamba na 2018, wato Zinder Sabuwa, ya bar wa wasu unguwanni kwalta da fitilu, farashin fili a bakin hanyoyin ya bi su.

Wajen abin sha ba a bar mu a baya ba. Fura da nono ta rana, kunun tsamiya da azumi, zoɓo da lemun citta da mata ke ƙullawa a gida suna sayarwa, sai tukuɗi na gero da dabino da cuku, wanda a ganinmu babu lemun kwalba da ya kama ƙafarsa. A haɗa da alkakin Damagaram, baƙo ya manta hanya.

Sai dai dukkansu da ruwa ake yin su, kuma nan gizo ke saƙa. Garin a kan dutse yake, ruwansa daga nesa ake jawo shi, irin su Gogo da Aroungouza da Ganaram. Akwai unguwannin da pampo ke yin kwanaki bai ɗiga ba in zafi ya yi. Kafin ciniki, ka tambayi matan maƙwabta ƙarfe nawa ruwa ke zuwa, ka tambayi ɗan garuwa nawa yake sai da bido a watan Afrilu, ka lissafa kuɗin wata guda ka ɗora a kan farashin da dillali ya faɗa maka.