Maradi: darasin da ba a rubutawa da alli

Tun kafin mushe ya ɗauki alli, an riga an fara darasi a yawancin lakwal na Maradi. Ƴan mata ke riƙe da tsintsiya, su ke cika randar aji. Samari kuwa suna filin ƙwallo, ko suna gardamar wanda zai zama shugaban aji. Babu littafin da ya tsara wannan rabon aiki, amma shi ne karatun da ya fi zama a zuciyar yaro: namiji na jagoranci, mace na hidima.

Cikin aji ma haka ne. Yaron da ya yi kuka, sai a ce: "Kai mace ne?" Wanda ya ɗauki tsintsiya, abokai su kira shi ɗan daudu. Yarinyar da ta cika ɗaga hannu kuwa, a ce ba ta da kunya, har ta koyi yin shiru ko da ta san amsa.

Shirun nan yana da tsada. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18. A jihar Maradi adadin ya kai 89. Ɗiyar manomin Jiratawa da ta ci birbe, tana son shiga Lise Dan Baskore, sai ta nemi masauki a birni, inda aikin gida kan cinye lokacin bitarta. Da ta faɗi jarrabawa sau ɗaya, sai maganar aure ta taso. Ɗan'uwanta kuwa, a ce ya sake gwadawa.

Masu cewa haka muka gada, su leƙa Tibiri. A fadar Gobir akwai Inna, mace mai sarauta wadda ake jin maganarta. Yara nawa aka taɓa ba labarinta cikin aji?

A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fito da dokar kare karatun ɗiya mace. Sai dai doka ba ta raba tsintsiya. Wannan aikin darakta ne da malamai da uwaye. Alhaji, kai da ke neman likita mace ta duba iyalinka, ka tambayi ɗiyarka yau wa ya share ajinsu.