Maganin Ciwon Jiki Da Ƙodar Mutanen Gashuwa: Wa Zai Riƙe Wanda Ya Kwanta?

Duk wanda ya san ƙasar Bade da Nguru ya san mutanenta ba ragwaye ba ne. Masunta ne da manoman shinkafa da alkama da tattasai a fadamun Kogin Yobe, da 'yan dako a kasuwar Nguru, garin da layin dogo daga Kano ya tuƙe tun 1930. Mutum ya wuni cikin rana yana zuba gumi, da magariba jiki ya yi tsami, sai ya biya kemis ko wajen mai tallan magani a faranti, a haɗa masa ƙwayoyi uku ko huɗu ya kora da ruwa. Gobe ma haka.

To, a cikin irin wannan haɗi ne akan sami diclofenac da ibuprofen da piroxicam. Magunguna ne na ƙwarai idan likita ya rubuta su, aka sha na 'yan kwanaki. Amma fa suna rage jinin da ke ratsa ƙoda, kuma illarsu ta fi tsanani ga wanda ruwan jikinsa ya ƙare saboda zafi, ko mai hawan jini, ko mai ciwon sukari. Ita kuwa ƙoda ba ta kuka da wuri. Kafin ƙafa ta kumbura, fitsari ya ragu, amai ya zo, sau da yawa ɓarna ta riga ta yi nisa.

Shekaru da dama ke nan sunan Gashuwa na tafe tare da ciwon ƙoda, haka ma Jakusko da Nguru. Ba za a ɗora wa magani laifin duka ba, domin masana, ciki har da na cibiyar bincike ta BioRTC da ke Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu, suna duba ruwan sha da abinci da magungunan feshin gona. Sai dai kowace ce musabbabin farko, ƙwayar ciwon jiki da jiƙe-jiƙen da ba a san ma'auninsu ba suna ƙara wa raunanniyar ƙoda nauyi.

Idan ƙoda ta tsaya, sai wankin ƙoda, sau biyu ko uku a mako, kowane zama kamar awa huɗu. Gwamnatin Yobe ta yi abin yabo da ta mayar da wankin kyauta a Asibitin Koyarwa na Damaturu. Amma kuɗin mota fa, da masauki, da jinin da akan ƙara, da cefanen iyalin da aka baro a gida? Magidancin da injin ya riƙe ba ya iya jefa birgi, ba ya iya ɗaukar buhu.

A nan ne maganar naƙasa ta shigo. A watan Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, a 2020 kuma aka kafa Hukumar Naƙasassu ta Ƙasa. Dokar ba ta tambayi abin da ya jawo naƙasa ba, ko haihuwa ce, ko haɗari, ko magani. Abin da take dubawa shi ne ko lalurar mai daɗewa ce, tana kuma hana mutum gudanar da al'amuransa. Likita na iya ba da takardar shaida ta wucin gadi da amincewar Hukumar, wadda ba ta wuce kwana 180, in lalurar ta zarce sai a ba da ta dindindin. Saboda haka wanda allurar gentamicin ko streptomycin ta kurmantar, ko yaron da allurar da aka soka ba daidai ba ta taɓa masa jijiya ƙafarsa ta shanye, duk suna da ƙofar shiga.

Amma kada mai karatu ya zaci takardar nan albashi ce. Dokar ta yi tanadin ilmi kyauta har sakandare, da kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ba ta yanka wa kowa kuɗin wata ba. Maƙwabciya Jigawa ce, a 2007 zamanin Gwamna Sule Lamido, ta fara biyan naƙasassu Naira 7,000 a wata, kuma wannan tsarin jiha ne, bai tsallako iyaka ba. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 kuwa ta shafi wanda ya ji rauni a bakin aiki ne, masunci da ɗan dako ba su san hanyarta ba.

Babban cikas shi ne rashin rubutu. Mai faranti ba ya ba da rasit, ba a san sunan ƙwayar ba balle yawanta. Hukumar NAFDAC tana da takarda mai ruwan ɗorawa da ma'aikatan lafiya ke cikewa don kai rahoton illar magani, amma sai majiyyaci ya faɗa za a cike. Don haka likitoci ke son a zo musu da kwalin magani ko ragowarsa, a kuma adana katin asibiti. Mai yawan shan maganin ciwon jiki kuwa, gwajin fitsari da na jini a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru ko asibitin Gashuwa zai nuna masa halin da ƙodarsa take ciki tun ƙafa ba ta kumbura ba.