Lasifikoki Marasa Waya: Me Ke Yanke Sauti A Falo, Kuma Ina Mafita?

Daga cikin kayan zamani da suka shigo gidajenmu a Yamai, Maraɗi, Damagaram, Garwa da Injamena, akwai lasifikoki marasa waya, waɗanda ake jerawa kewaye da falo domin sauti ya zo wa mai saurare ta gaba da ta baya. Tsarin da aka fi sani shi ne 5.1, wato lasifika biyar da ta shida mai fitar da sauti mai kauri. Magidanci yakan zuba kuɗi masu yawa ya saye su, amma ba a jima ba sai koke ya taso: ana tsakiyar sauraren labaru sai na baya su yi tsit, ko wayar hannu ta neme su ta rasa. Daga nan sai zargi ya biyo baya, a ce yara sun taɓa, ko ɗan kasuwa ya sayar da jabu. Sau da yawa kuwa babu mai laifi a cikinsu. Rashin sani ne, wanda ya fi dare duhu.

Da farko ya kamata mu bambanta abu biyu: intanet da ke zuwa daga kamfani, da kuma rezon cikin gida, wanda akwatin Wi-Fi ke watsawa. Idan sautin talabijin ne ke yankewa a lasifikokin baya, to ba ƙarewar kuɗin intanet ba ce. A na'urori da yawa, irin na Sonos, na baya ba da akwatin suke magana ba. Kai tsaye suke karɓar sauti daga doguwar lasifikar da ke ƙarƙashin talabijin. Haka kuma, waya takan tara bidiyo na daƙiƙu masu yawa kafin ta nuna shi, shi ya sa ba ma lura da ƙananan tangarɗa. Lasifika kuwa ba ta da wannan sarari, domin wajibi ne murya ta dace da motsin leɓe.

Cunkoson hanya

Manyan zango biyu da Wi-Fi ke tafiya a kansu tun daga 1999 su ne 2.4 GHz da 5 GHz. Na farko yana cin nisa, yana ratsa bango, amma hanya ce mai cunkoso kamar bakin kasuwa. Bluetooth a kanta yake, na'urar ɗumama abinci a kanta take, akwatunan maƙwabta ma haka. Ko da yake tana da tashoshi har 13, uku ne kawai ba sa taka juna: 1, 6 da 11. Sai a shiga saitin akwati a tsayar da shi a kan ɗaya daga cikinsu, a gwada kwana biyu kafin a sauya. Zango na biyu ya fi sauri da sarari, sai dai bango na saurin raunana shi.

Gini da zafi

Ginin siminti mai rodi, katangar ƙasa mai kauri, ƙofar ƙarfe, babban madubi da tankin ruwa, duk suna tare saƙo ko su karkatar da shi. Saboda haka kada a ɓoye akwati cikin kabad ko bayan talabijin. A ɗora shi bisa, a fili, kusa da tsakiyar gida, a kuma ba shi tazarar kamar mita ɗaya daga lasifika. Ga kuma zafi: yawancin akwatunan an ƙera su ne don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 40, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin ƙasashenmu yakan zarce haka. Akwatin da aka lulluɓe da ƙyalle don gudun ƙura zai iya ɗaukar zafi har ya riƙa kashe kansa. A goge ƙurar, a bar shi ya sha iska.

Ɗaukewar wuta

Wannan shi ne babban tushen matsalar a wurinmu. Akwati ne ke bai wa kowace na'ura lamba, wato adireshin IP, kamar lambar gida a unguwa. Idan wuta ta dawo, lasifika takan riga shi farkawa, ta nemi rezo ba ta samu ba. Wani lokaci kuma akwatin yakan manta rabon da ya yi, ya bai wa waya lambar da lasifika ke riƙe da ita. Gida biyu da lamba ɗaya kuwa, dole saƙo ya ɓata. Maganin gaggawa shi ne a cire komai daga wuta, a kunna akwati shi kaɗai, a jira minti uku, sannan a kunna babbar lasifika, daga bisani na baya. Magani mai ɗorewa kuwa shi ne a keɓe wa kowace lasifika lambarta ta dindindin a cikin saiti, a kuma sama wa akwatin ɗan batirin ajiya da zai riƙe shi idan wuta ta ɗauke.

Baƙi da maƙwabta

Al'adarmu ba ta yarda mu hana maƙwabci lambar sirri ba, amma wayoyi ashirin a kan akwati ɗaya nauyi ne. Mafita ita ce a buɗe rezon baƙi, a ba su nasa lambar. Sai dai a kiyaye: rezon baƙi yakan hana na'urori ganin juna, don haka lasifikoki da wayar da ke sarrafa su tilas su kasance a kan babban rezo guda. Na'urar ƙara nisan Wi-Fi ma takan raba su gida biyu. A kashe ta a gwada.

Idan duk wannan bai wadatar ba, sai a ja wayar Ethernet daga akwati zuwa babbar lasifika, domin tana kai saƙo har mita 100 ba tare da tangarɗa ba. A kuma sabunta manhajar na'urorin. Goge saiti gaba ɗaya shi ne mataki na ƙarshe, ba na farko ba.

Shawararmu ita ce a sauya abu ɗaya a lokaci guda, a rubuta sa'ar da sauti ya yanke da abin da aka kunna a lokacin. Idan lasifika ɗaya ce ke yawan yankewa, a musanya mata wuri da ƴar'uwarta: in matsalar ta tsaya a wurin, laifin wurin ne, in ta bi lasifikar, to a mayar da ita ga mai shago tare da takardar saye, cikin mutunci, da hujja a hannu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.