Yadda Za A Hana Batir Wuce Caji

A Gidan Katta, kamar sauran ƙauyukan Illela, gidaje da yawa sun dogara da batirin mota don haske da cajin waya. Abin da na lura shi ne, yawancin baturan nan ba tsufa ke kashe su ba, yawan caji ne. Ni kaina na taɓa barin nawa a kan caja tun safe har dare, na tarar ya yi zafi, ruwansa ya ja baya. Bai ƙara wata biyu ba.

Dalili kuwa shi ne, irin wannan batir na dalma da asid, wanda Gaston Planté ya ƙirƙiro a Faransa a 1859, yana da ɗakuna 6. Idan ya cika ya huta, mita za ta nuna bolt 12.6 ko 12.7. Lokacin caji lambar tana hawa. In ta wuce 14.4, wutar sai ta koma farfasa ruwan da ke ciki, yana fita a matsayin iska mai kama wuta.

Maganin ƙaramin haɗi ne da ɗalibin kimiyya zai iya yi. Ana bukatar rile mai bolt 12, da transisto, da dayod irin na zina, da resisto mai juyawa, da fis. Duk ana samunsu wajen masu gyaran rediyo. Dayod ɗin shi ne mai gadi: ba ya barin wuta ta wuce sai batir ya kai lambar da aka saita. Da ta wuce, transisto ya kunna rile, rile kuma ya yanke wayar caja.

Nan ne masu koyo ke shan wuya. Da zarar an yanke caji, lambar takan sauka kaɗan, rile ya sake haɗawa, ya sake yankewa, yana ƙas-ƙas har ya ƙone. Don haka a nemi rile mai baki biyu, bakin na biyu ya riƙe shi a yanke har sai mutum ya danna maɓalli.

Sai batun zafi, wanda a ganina ya fi kome muhimmanci. Lambar 14.4 an tsara ta ne don yanayi mai digiri 25. Mu kuwa a watan Afrilu zafi yakan wuce 40, kuma batir mai zafi yana saurin tafasa. Saboda haka a bazara a saita wajen 14. A sa mita a kan batirin, a juya resiston a hankali har rile ya yanke daidai wurin. Kada a yi da ka.

A yi caji inda iska ke shiga, nesa da fitilar kananzir. Baturan litiyam da ake cirowa daga tsohuwar kwamfuta kuwa, kada a gwada musu wannan haɗi. Kowane ɗaya iyakarsa bolt 4.2, kuma yana bukatar allon kariya nasa na musamman, in ba haka ba yana iya kama wuta.