Ko Kun Sani? Ƙanƙara Na Tsaga Injin Jirgin Ruwa

Idan ruwa ya daskare, girmansa yakan ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100. Wannan ne ke jawo wa masu ƙananan jiragen ruwa a tafkunan Amurka da Kanada asara duk hunturu. Injina da yawa da ruwan tafki ake sanyaya su. In aka ajiye jirgi ba a tsiyaye ruwan ba, sai ƙanƙara ta tsaga jikin injin, duk taurin ƙarfensa.

Da sanyi ya wuce, makanike kan fara duba baƙin mai: in ya koma fari-fari kamar an zuba madara, to ruwa ya shiga. Ƙaramar tsaga akan ɗinke ta da ƙusoshin ƙarfe, babba kuwa sai an sauya injin.