Waƙar Da Ta Nemi Haɗiye Addu'a

Wanda kunnensa ya saba da waƙarmu ya san tsarinta: jagora ya kawo baiti, 'yan amshi su karɓa, kowa da lokacinsa. Manyan coci-cocin Turai sun bi wata hanya dabam daga wajen 1400 zuwa 1600, wato zamanin da ake kira na farfaɗowa. Mawaƙa kan kasu gida huɗu, biyar ko shida, daga masu siririyar murya zuwa masu kaurinta, kowane gida da nasa kari, kuma duk a lokaci guda suke rerawa. Wannan gida ya fara, kafin ya yi nisa wancan ya ɗauko karin daga farko, na uku ya biyo sawu, na huɗu ya shigo ta ƙasa. Gwanintar mai tsara waƙar ita ce muryoyin su yi ta gilma wa juna ba tare da sun yi karo ba. Yara maza ko maza masu iya sirinta murya ne ke riƙe sama, domin mata ba sa shiga irin wannan ƙungiya sai a gidajen mata masu zaman zuhudu. A ɗakin sujadar Sistine na Fafaroma kuwa, ko kayan kiɗa ba a sawa.

Abin da ake rerawa shi ne addu'o'in Mas, babbar sujadar 'yan Katolika. Guda biyar ne ba sa canzawa: Kyrie, roƙon jinƙai, Gloria, yabo, Credo, furta bangaskiya, Sanctus, tsarkake Ubangiji, sai Agnus Dei, roƙon gafara da salama. Ban da ta farkon da ke da harshen Girka, duk da Latin suke. Tun da ba wanda ya isa ya taɓa kalmomin, gasar ta koma kan kari.

Nan fa gwanaye suka baje kolin dabara. Don su ɗaure sassan biyar su zama abu guda, sai su ɗauki wani sanannen kari su ba gida ɗaya ya riƙa jan sa a hankali, sauran su yi gini a kansa. Guillaume Du Fay, wanda ya rasu a Cambrai a 1474, waƙar soyayyarsa ya ɗauko ya gina Mas a kanta. Wata waƙar Faransanci ta mayaƙi, L'homme armé, an ɗora mata Mas fiye da 40. Josquin des Prez kuwa, da zai girmama Ercole mai mulkin Ferrara, sai ya tsinci wasulan sunansa da na sarautarsa ya mai da su kari, ga shi nan sunan mai mulki yana ta kewaye a cikin addu'a. Da Ottaviano Petrucci ya buga Mas-Mas na Josquin a Venice a 1502, salon ya bazu fiye da da.

Daɗi kam akwai shi. Sai dai idan gida shida kowa yana kan gaɓa dabam, wannan ya ja wasali ɗaya har numfashi ya kusa ƙare masa, wancan ya riga ya shiga jimla ta gaba, wa zai ji abin da ake faɗa? Limamai sun yi ta gunaguni. A ranar Juma'a Mai Kyau ta 1555, Fafaroma Marcellus na Biyu, wanda kwana 22 kacal ya yi a kan kujera, ya kira mawaƙansa ya ja kunnensu cewa a rera yadda za a ji kalmomin a kuma fahimce su. A cikin mawaƙan akwai wani matashi, Giovanni Pierluigi da Palestrina. Shekarar ba ta ƙare ba sabon Fafaroma, Paul na Huɗu, ya sallame shi saboda yana da aure.

Taron manyan limamai na Trent, wanda aka yi daga 1545 zuwa 1563, shi ma ya taɓo batun a 1562, ya ce a raba coci da duk kiɗa ko waƙa mai gauraye da batsa. Daga nan aka ƙaga labarin da ya daɗe yana yawo, wai saura ƙiris a haramta waƙa mai muryoyi da yawa, sai Palestrina ya tsara Missa Papae Marcelli, wato Mas ɗin Fafaroma Marcellus, ya ceto ta. Masana tarihi ba su yarda da wannan ba. Amma Mas ɗin, mai gida shida, wadda aka buga a 1567, ta nuna mafitar. A Gloria da Credo, inda kalmomi ke da yawa, ya sa muryoyi suna furta gaɓa kusan tare, maganar na fita tar. A Kyrie da Agnus Dei, inda kalmomin 'yan kaɗan ne kuma kowa ya haddace su, sai ya sakar musu linzami. A ganina wannan sanin wurin tsuke hannu da wurin sakewa ya fi labarin ceton ban sha'awa. Palestrina ya bar Mas fiye da 100 kafin rasuwarsa a 1594, kuma salonsa Johann Joseph Fux ya mai da darasi a littafinsa na 1725, wanda Haydn da Beethoven suka yi karatu da shi.

A Ingila abin ya ɗauki wani launi. Ƙasar ta rabu da Roma, kuma dokar 1581 ta tanadi tara da ɗaurin shekara guda ga wanda aka kama yana sauraron Mas. William Byrd mawaƙin fadar Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ne, amma ɗan Katolika ne da bai saki addininsa ba. Tsakanin 1592 da 1595 ya fitar da Mas uku, mai gida uku, mai huɗu da mai biyar, gajeru, daidai da 'yan mutanen da za su taru a ɓoye a ɗakin wani gidan ƙauye, wataƙila mutum ɗaya ga kowane gida. An buga su ba shafin take, ba kwanan wata, ba sunan maɗaba'a. Sunan Byrd kaɗai aka bari a kan shafukan.